Shekaruna da Akuyar Jirgin Yaƙi

Mele ɗan ƙanena ya gaya mini wai jiya a kasuwar Zango kun yi ta dariya, kuna cewa kiwon turke ba sana'a ba ce, zaman tsofaffi ne. Wai ka ɗaure rago, ka zuba masa harawa, ka koma inuwa kana gyangyaɗi. Ban ji haushi ba. Ku matso kusa, kai kuma janye bakin rigarka, bunsurun nan ba ya jin kunya. Ni na koyi kiwo a wurin da babu ƙasa, babu ciyawa, babu ko inuwar gawo ɗaya, turken ma da kansa tashi yake yana sauka.

Ina saurayi, gemu bai gama fitowa ba, mahara suka ɗebe mu a gonar gero bayan Gaffati. Ba zan tsaya a kan wannan ba. An yi ta sayar da ni hannu zuwa hannu, kullum ana yin kudu, har ƙasa ta ƙare aka kai ga ruwan gishiri. Aka zuba mu a cikin ƙasan wani jirgi, a kwance, ƙafa da mari. Wata rana muka ji aradu ba hadari, jirgin ya tsaya, aka buɗe murfi a kanmu, sai ga jajayen mutane suna toshe hanci. Ingilishi ne. Sarkinsu ya aiko da jirgin yaƙi ya riƙa tare jiragen bayi. Mu da ba ma iya tsayuwa suka ɗauke mu zuwa nasu jirgin, suka shimfiɗa mu a sarari muna shan iska.

Ina kwance nan na ji kukan akuya. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san irin kukan nan, na akuyar da hantsarta ta cika ba a tatse ba. Na ɗaga kai, na ga ƙarti uku sun taru a kan wata jar akuya, ɗaya ya riƙe ƙaho, ɗaya wutsiya, ɗaya yana jan nonon kamar yana jan guga. Wani tsoho mai ƙafar katako yana tsaye da kwano yana ba da umarni. Akuyar ta fizge, ta doki ƙafar katakon, tsohon ya zauna a cikin kwanon. Ashe mai kiwonta ne masassara ta kashe, tun ranar ba ta yarda da kowa ba. Na rarrafa na je, na durƙusa ta gefenta, na jingina goshina a kwiɓinta, na yi mata ɗan tsakin da uwata ke yi wa namu. Ta juyo ta shinshina ni. Ina jin warin da nake yi ne ya sa ta ɗauke ni ɗan'uwa. Ta tsaya cik, na cika kwano.

Da muka isa Saliyo, inda suke sauke waɗanda suka kuɓutar, sai aka kawo wani Banufe mai jin Hausa ya tambaye ni ko zan sauka ko zan zauna in riƙe dabbobi. Ban san kowa a Saliyo ba, a jirgin kuwa na san akuya. Na zauna. Na sa mata suna Magira, kamar yadda mutanenmu na Barno ke kiran uwar sarki, don tun ranar farko na ga babu mai iko da ita.

Tsohon nan mai ƙafar katako shi ne mai dafa abinci, sunansa Jak, kuma shi ne maigidana a sana'a. A bakinsa na ji tarihin jirgin, bayan na fara tsintar yarensu. Su Ingilishi mace suke ɗaukar jirgi, har sun sassaƙa mace ta katako sun kafa a gabansa. Sunanta na gaskiya bai taɓa zama a harshena ba, sai na riƙa ce mata Gwaggo. Jak ya ce an gina ta ne lokacin da suke yaƙi da Faransa, shi yana ɗan ƙarami mai ɗaukar albarushi ya shige ta. Ta yi gadin bakin ruwan Faransa cikin sanyi, ta raka jiragen fatake, ta kama jirgin abokan gaba da ya fi ta igwa. A wannan faɗan ne dunƙulen ƙarfe ɗaya ya ɗauke hancin matar katakon, wani ya ɗauke ƙafar Jak. Ya ce kafinta ya yi musu gyara da itace ɗaya, amma hancin ya fi samun kulawa. Da aka yi sulhu sai aka ɗaure ta a wani kogi, ta yi shekaru tana ruɓa, ɓeraye na haihuwa a cikinta. Daga baya aka tuna da ita, aka rage mata igwa, aka toshe ramuka, aka turo ta ƙasar zafi farautar masu bayi. Lokacin da na shige ta, yoyo take yi kamar tsohon masaki, kullum da safe sai an kwashe ruwa daga cikinta, kuma duk jirgin bayi mai sabon zanen kama iska yana iya tsere mata idan iska ta yi daɗi.

Garkena yana can gaba, a bene na tsakiya, daidai ramin da igiyar ƙugiyar tsai da jirgi ke shigowa. Duk sanda Gwaggo ta sunkuya, teku ta leƙo ta ramin nan ta wanke mu gaba ɗaya. A nan nake da Magira, da tumaki na manyan jirgi, da akurkin kaji da agwagi, da kuma alade. Ranar da aka nuna mini shi na ce wa Jak ni Musulmi ne, ba na taɓa wannan. Ya yi tunani, ya tafi wurin kafinta, ya dawo mini da sanda mai tsawon mutum biyu da ƙugiya a bakinta. Da ita nake tura masa abinci, da ita nake jawo akushinsa, da ita nake sosa masa baya idan ya dame ni da kuka. Ban taɓa ba shi suna ba. Wancan nake ce masa, kuma yana amsawa.

Kayan aikina ba su da yawa: sandar nan, da bokitin katako, da ƙarfen kankare kashin dabbobi, da buhun yashi, da majanyi. Yashi don kada kofato ya zame ne. Majanyin kuwa na tsohon zanen jirgi ne, ana zura shi ƙarƙashin cikin tunkiya a rataye ta a sama idan ruwa ya tashi, ƙafafunta na taɓa ƙasa kaɗan kaɗan. In ba ka yi haka ba, jirgi ya karkata hagu, tumaki su tafi hagu gaba ɗaya, ya karkata dama su dawo, kafin iska ta kwanta ka sami karyayyun ƙafafu. Farkon hadarin da na gani ban iya ɗaurin ba. Na ja igiya da yawa, tumaki suka tashi sama suna lilo suna karo da juna, ni ina ƙasa ina amai a bokitin da na zo ba su ruwa da shi. Jak ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce a shekarunsa bai taɓa ganin an shanya tumaki ba. Bai taimake ni ba sai da ya gama dariya.

Ku da kuke ganin harawa a kan kowane rufin ɗaki a Zinder ba za ku san darajarta ba. Mu busasshiyar ciyawa ake ɗaure mana dam dam, sai ka auna ta da tafin hannu, don ba ka san ranar da za a sake ganin ƙasa ba. Ruwan sha ma awo ne. Ga ɓarayi. Ma'aikatan jirgi kullum naman gishiri suke ci da wata gurasa mai tauri wadda sai an buga ta a katako tsutsotsi sun fito, saboda haka ƙwai a wurinsu kamar zinariya yake. Akwai masu huda ƙwai da allura su tsotse, su mayar da ɓawon a ƙarƙashin kaza. Na taɓa kai wa shugaban jirgi irin wannan, ya fasa a gaban baƙi, iska ta fito. Tun ranar kowane ƙwai sai na girgiza shi a kunne.

Magira ita ba ta damu da awo ba, don ta daɗe da daina dogara ga ciyawa. A jirgin aka haife ta, uwarta ma haka. Tana cin tabar da ma'aikata ke taunawa, tana cin igiya mai kwalta, tana cin hular kaba. Idan aka busa usur na rabon giya da tsakar rana, ita ce farko a layi. Ni rabona nakan ba wani ya ba ni gurasa in jiƙa wa kaji, amma ita akwai masu ɗiga mata a tafin hannu, ta sha ta je ta jingina da igwa tana lumshe ido. Na yi mata wa'azi har na gaji.

Masu sayen hajata su ne manyan jirgi, kuma babbansu shi ne kyaftin, wato sarkin jirgi. Na farko da na yi wa aiki wani gajere ne mai jan hanci. Mutum ne mai adalci, ba ya yawan sa bulala, amma in bai ga madara a cikin gahawarsa da safe ba, ranar kowa sai ya ji a jikinsa. A zamaninsa ne abin kwale-kwale ya faru.

Al'adarsu, idan za a yi faɗa, sai a share bene tas don masu igwa su sami wurin juyawa. Jak ya ce a zamanin Faransa teku ake zuba dabbobin. A namu zamanin an sami sauƙi, sai a loda su a kwale-kwale a ɗaura shi da doguwar igiya a bayan jirgi. Wata safiya aka hango jirgin bayi, iska kuma ta mutu a gefensa, Gwaggo ta samu ta matso. Aka buga ganga, aka sauke kwale-kwale, aka zuba Magira da akurki biyu da Wancan, aka ce in bi su. Ina zaune ina kallon hayaƙi, kunnena na ƙara, sai wani dunƙulen ƙarfe daga wancan jirgin ya faɗo tsakaninmu da Gwaggo. Ruwa ya watso mana. Da na share ido, na ga igiyarmu tana iyo ita kaɗai.

Na yi ihu, amma wa zai ji ihun makiyayi ana harba igwa. Iska ta taso, jirgin bayi ya ruga, Gwaggo ta bi shi, suka yi ta ƙanƙancewa har suka zama kamar ƙwarya biyu a ƙarshen ruwa, suka ɓace. Akwai filafilai a kwale-kwalen, sai dai ni ɗan Damagaram ne, babban ruwan da na sani kafin nan tabki ne da damina. Na gwada ɗaya, muka yi ta juyawa a wuri guda. Garin haka sandata ta faɗa ruwa. Wancan ya ga ba sanda, tsoro kuma ya kama shi, sai ya taso yana neman ya jingina da ni, don duk duniya ni ya sani. Na koma can ƙarshen kwale-kwalen na takure, na jawo Magira na gindaya ta a tsakaninmu. Haka muka wuni, ina karanta duk abin da na haddace, tana cin hulata, shi yana kallona ta ƙarƙashin cikinta. Ƙishirwa ta kama ni na tatse ta na sha, na ɗiga wa kaji. Shi ma na zuba masa a ƙasan kwale-kwale, don rai ne.

Rana ta faɗi ta sake fitowa. Can da hantsi na ga zane ya ɓullo, sai ga Gwaggo tana tafe da hancinta na aro. Daga baya Jak ya ba ni labari. Sun kama jirgin, sun fito da mutanen da ke ciki, an yi murna, kowa ya kwanta, ba wanda ya tuna da mu. Da safe aka kai wa kyaftin gahawa baƙa. Ya duba kofin, ya tambayi ina madara, aka ce akuya na kwale-kwale, ya ce to ina kwale-kwalen, aka je baya aka jawo guntuwar igiya. Nan take ya sa aka juya jirgin yaƙin sarkin Ingila da duk igwoginsa. Da suka iso, Magira aka fara ɗagawa, sannan kaji, sannan Wancan, sannan ni. Kyaftin na tsaye da kofinsa a hannu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka shanye?" Na ce na rage kaɗan.

Bayansa aka kawo wani dogo wanda ba ya shan madara sam, agwagwa yake so, bai kuma daɗe ba. Na uku shi ne muka yi muguwar shekara da shi, mutum mai shiru, kullum hannunsa a baya. Yana da mataimaki, ni ina ce masa Waziri, wanda tun zuwansa ba sa shiri da Magira saboda ta cinye masa jelar rigar ado ranar da ya shanya ta.

A shekarar an tura mu gadin bakin wani kogi mai sauro. Kafin mu je mun tsaya a wani tsibiri ɗiban ruwa, na sauka da Magira ta ɗan taka ƙasa, ta ɓace mini a cikin duwatsu wuni guda, ta dawo da yamma tana tafiya a hankali. Bayan nan muka je bakin kogin muka kafe. Masassara ta shigo jirgi. Mutum ya tashi lafiya, kwana kaɗan idonsa ya yi rawaya, a ɗinke shi a zane a sake shi a ruwa. Kyaftin ya ce a fita teku a sha iska, muna fita iskar ta ɗauke ɗif. Zannuwa suka rataye kamar wanki. Jirgin da zai kawo mana abinci bai zo ba. Aka rage ruwa, aka rage gurasa. Likita ya ce a yi wa marasa lafiya romo, aka fara da tumaki, aka bi da agwagi da kaji. Ranar da aka zo ɗaukar Wancan na hau sama na ba su wuri. Garke ya zama daga ni sai Magira, ita kuma a daidai lokacin nononta ya ƙafe.

Waziri ya je ya gaya wa kyaftin cewa akuyar da ba ta ba da madara ruwa kawai take sha, a yanka ta. Gaskiyarsa ce, ban da abin da na gani. Na ga cikinta ya sauko ta dama, na ga ta daina zuwa layin giya. Aka kira ni gaban kyaftin, na ce ciki gare ta, in an yi haƙuri za a sami madarar da ta fi romon kwana ɗaya amfani. Waziri ya yi dariya, ya tambaya ko akwai bunsuru a jirgin da shi bai sani ba. Na tuna musu da tsibiri. Ya ce akuyar da ke cin igiya da busasshiyar gurasa ta sha ruwa a kai, dole cikinta ya kumbura. Aka kira likita ya duba, ya lallatsa ta, ta doke shi, ya ce shi likitan mutane ne.

Kyaftin ya juyo ya ce da ni, "Na ba ka zuwa tsayuwar sabon wata. In ta haihu, ka yi gaskiya. In ba ta haihu ba, ka hana marasa lafiya nama, za a yanka ta, kai kuma a ɗaure ka a sha bulala."

Na amsa, na koma garke, na zauna ina kallon cikin nan. Ni kaina ban tabbata ba. Na ga abin da igiya ke yi wa cikin akuya. Ciyawa ta ƙare tuntuni, sai na riƙa warware tsohuwar igiya ina wanke kwaltar, ina haɗawa da garin gurasa da tsutsotsinsa, ina raba ruwana biyu da ita. Ma'aikata suka rabu gida biyu, masu cewa 'ya'ya ne da masu cewa igiya ce, suna caca da taba. Masu cewa 'ya'ya ne suka riƙa kawo mata hulunansu na kaba ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari rabin jirgi na aiki a rana kai ba hula. Masu cewa igiya ce kuwa sukan wuce suna wasa wuƙa a tafin hannu suna yi mata murmushi. Jak ma masassarar ta kwantar da shi. Na je gaishe shi, ya ciro ciyawar da ke cikin matashinsa ya ba ni, ya ce tun zamanin Faransa take, amma Magira ba za ta damu ba.

Wata ya tsufa, ya ɓace, ana jiran sabo gobe ko jibi, Magira ba ta haihu ba. Ran nan da rana tsaka na je karɓo ruwa, na dawo ba ta garke. Na duba bayan igwogi, na duba wurin girki, babu. Na ɗauka masu wuƙa sun riga ni. Sai na ji hayaniya daga baya, wajen ɗakunan manya, inda irina ba ya zuwa sai an kira shi. Aka kira ni. Waziri na tsaye a ƙofar ɗakinsa, fuskarsa ta yi ja. A kan gadonsa, bisa bargonsa, da abin da ya saura na rigar adon nan a matsayin shimfiɗa, Magira na kwance tana lasar 'ya'ya biyu. Kyaftin ya leƙa, ya juya ya ce wa Waziri ya nemi wani wurin kwana zuwa ta warware.

Iska ba ta zo ba sai bayan wani lokaci, kuma madarar akuya ɗaya ba ta isa jirgi. Likita ya riƙa rabawa da cokali ga waɗanda cikinsu ba ya riƙe komai. Wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. Jak ya sha kwana uku yana cewa ya ji ɗanɗanon matashinsa a ciki, a na huɗu ya rasu. Aka ɗinke shi tare da ƙafar katakonsa, sai da aka ƙara ƙarfe don kada ta taso da shi.

Bayan wannan shekarar Gwaggo ba ta sake farauta ba. Jiragen hayaƙi sun fara yawa, su ba ruwansu da iska. Aka mai da mu tekun arewa, muna kai takardu da sojoji daga wannan gari zuwa wancan, har wata rana masu duba jirage suka zo a tsibirin Malta, wani ya soka wuƙa a haƙarƙarinta ta shige kamar a kabewa. Aka sauke igwogi, aka cire dogayen itatuwan zane, aka yi mata rufi, aka ce daga yau rumbun gawayi ce, jiragen hayaƙi za su riƙa zuwa suna ɗiba. Aka sallami kowa. Wani mai lambu ya yarda zai karɓi Magira da 'yarta guda da ta rage. Na sa musu igiya, muka zo bakin katakon sauka, Magira ta dubi ƙasa, ta kafe ƙafa huɗu. Na ja, mutum biyu suka tura, aka kawo ɗanyen ganye aka nuna mata, ta juya kai ta kama cin igiyar da nake janta da ita. Tsohon da aka bari gadin rumbun ya ce a ƙyale su, shi ma yana shan gahawa.

Daga Malta na sami jirgin da ya kai ni Tarabulus, na yi wa wani Bagadamushe, falken hamada, kiwon raƙuma, na biyo ayarinsa ta Murzuk har na ga duwatsun Zinder. Na tarar ana ta ginin ganuwa, maƙera kuma na zuba igwa ta tagulla. Labari ya bazu cewa wani ya dawo daga jirgin yaƙin Nasara, sai shugaban masu igwa ya aiko a kira ni cikin Birni. Aka shimfiɗa mini buzu, aka kawo fura, ya tambaye ni yadda Ingilishi ke auna albarushi. Na ce ban sani ba. Ya tambayi inda nake tsayawa idan ana harbi. Na ce a kwale-kwale, can baya, tare da kaji. Ya sa aka ɗauke furar. Amma da zan fita ya biyo ni zaure, ya ce yana da rago da ya ƙi cin abinci tun ranar da aka gwada igwar farko, ko zan duba. Da wannan ragon na fara sana'ar da kuke gani.

Bara waccan wani ɗan Bagadamushen nan ya sauka a Zango, ya ce ya bi ta Malta. Na tambaye shi ko ya ga wani tsohon rumbun gawayi a bakin ruwa, mai mace ta katako a gaba. Ya ce ya gani, baƙi ƙirin, matar ma ba a gane fuskarta. Ya ce abin da ya sa ya tuna shi, akwai awaki a kansa sun fi goma, duk gawayi ya rina su, kuma masu ɗiban gawayin sun gaya masa ba mai hawa sai ya ba babbarsu taba. Na lissafa shekaru, na ce ba Magira ba ce, sai dai jikarta. Ya ce shi bai tambayi sunanta ba, ya dai bar mata rabin rawaninsa.